Babban hedifon ɗin 'yan gem ko iyafis mai waya? Amsa ga mai dubu 40

Salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce kuɗin hannunka bai wuce dubu 40 ba, kana buga gem ɗin harbe-harbe na PUBG da Valorant a laftof, kana so ka riƙa jin takun mutum kafin ya iso ka, sannan abokanka su riƙa jin maganarka a Discord, manhajar da 'yan gem ke hira da murya a kanta, to ka sayi irin katon hedifon ɗin nan mai fitilu da aka rubuta 7.1 a kwalinsa ko kuwa iyafis mai kyau. Na ga wasu sun ce maka kawai ka ɗauki mai fitilun tunda ai don gem aka yi shi. Ni dai duka biyun na riƙe, na kuma sha asara a ɗaya, shi yasa na ce bari in zauna in jera maka su gefe da gefe.

Nawa na farko irin wanda kake hange ne, kato, ja da baƙi, da wayoyi har uku a bakinsa, sai daga baya na gane USB ɗin da ke jiki ba ruwansa da sauti, wutar fitila kawai yake ja. Ranar farko na ji daɗi wallahi, in gurneti ya fashe har cikin haƙori nake ji. Amma mutum zai zo ta bayana ya harbe ni ban ji komai ba, in yi ta zagin netwok. Bazara ɗaya ya yi. Zafin watan Afrilu da gumi suka cinye ledar kunnen, ta fara ɓarewa, wata rana na fito daga ɗaki ƙanwata ta kalle ni ta ce Yaya mene ne wannan baƙin abu a wuyanka kamar ka kwana a rumfar mai gawayi. Bayan wata biyu robar da ke riƙe da kunne ɗaya ta karye, na ɗaure da salatif, daga nan ya koma kan durowa.

Toh mu fara da abin da ya fi damunka, wato jin taku.

Wannan 7.1 ɗin da ke jikin kwali, ka sani sifika biyu ce tal a ciki, ɗaya a kowane kunne, ba takwas ɗin da lambar 7.1 ke nufi ba. Manhaja ce ke wasa da sautin don ya yi kamar daga kewaye yake zuwa. Ƙwaƙwalwarka kuwa tana gane inda ƙara ta fito ne ta ɗan bambancin lokacin da ta isa kunnen dama da na hagu, da bambancin ƙarfinta, da yadda siffar kunnenka ke lanƙwasa ta, kuma gem ɗin zamani da kansu suke kwaikwayon wannan. Valorant tun 2021 suka saka abin da ke yin wannan kwaikwayon, ana kiransa HRTF, a saitin sauti, kunnawa kawai za ka yi, Counter-Strike ma yana da irinsa. Windows 10 da 11 kuma akwai Windows Sonic, mai sa sauti ya yi kamar daga kewaye yake zuwa, kyauta a ciki. Kaga kenan abin da suke sayar maka a kwali kana da shi a laftof ɗinka ba ka biya ko sisi ba. Kuma kar ka haɗa biyu, in ka kunna HRTF ka kashe duk wani 7.1, in ba haka ba sautin zai cakuɗe ka rasa gane gaba da baya.

Abin da ke sa ka ji taku shi ne sauti mai tsabta wanda bas, wato kaurin sautin nan mai dum dum, bai danne shi ba. Takun ƙafa da ƙarar canza harsashi da buɗe ƙofa yawanci a tsakiyar sauti suke da ɗan sama, su kuma hedifon masu arha da gangan ake cika musu bas don in ka gwada a shago ka ji dum dum ka ce kai wannan ya yi. A nan iyafis ya yi masa nisa. Ba irin na ɗari biyar da ake rataye wa a bakin tasha nake nufi ba, irin su Moondrop Chu II da 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er nake nufi, dukkansu wajen dala 20 suke, kuma kusan duk kuɗin a sautin ya tafi tunda babu fitila babu katuwar roba babu ƙarfen kai. In kana kallon manyan gasar Counter-Strike ka lura da kunnen 'yan wasan, za ka ga siririyar waya ta leƙo ta ƙarƙashin babban hedifon ɗin, sautin gem ta iyafis yake shiga, na saman don toshe ihun 'yan kallo ne da kuma makirufo.

Amma in faɗa maka gaskiya akwai inda iyafis ya gaza. Sautinsa kamar a cikin kanka yake, ba shi da faɗi. Dama da hagu za ka gane sarai, nisa ne ke ɗan ba da wahala, musamman a PUBG da fili yake da girma kuma kana so ka ƙiyasta harbin can daga wane tsauni yake. Babban hedifon mai kyau ya fi shi a nan, ka lura da kalmar mai kyau, don mai fitilun dubu 15 ko 20 bai da wannan faɗin shi ma.

Makirufo kuwa na hedifon ya fi, ba gardama. Sandar tana zuwa daidai bakinka, muryarka ta fita a sarari. Na iyafis yana rataye ne a waya wajen ƙirji, yana goga riga, yana kwasar iskar fanka, abokanka za su ce kamar daga rijiya kake magana. Ana rage matsalar dai, a Discord akwai Krisp mai tace hayaniya, ka kunna shi, sannan ka maƙale wayar a wuyan riga da ɗan kilif don ta matso baki. Kuma lokacin saye ka duba da kyau, yawancin iyafis ɗin nan kala biyu ake yinsu, mai makirufo da marar shi, hoto ɗaya farashi kusan ɗaya, mutane da yawa sai kaya ya iso suke ganewa.

Sai batun zafi da ƙarko, wanda masu yin bidiyon bita a Amurka da Turai ba sa damuwa da shi don a ɗaki mai sanyi suke zaune. Mu nan in NEPA ta ɗauke wuta da rana ka rufe kunnuwanka da leda awa biyu, in ka cire kamar ka tsoma su a ruwan zafi. Iyafis ba ruwansa da wannan. Nasa ciwon daban ne, dattin kunne yana toshe ɗan ragar bakinsa har ɗaya ya rage ƙara ka ɗauka ya lalace, sai ka riƙa gogewa, sannan wasu kunnensu baya son a cusa masa abu na dogon lokaci, in kana cikinsu toh magana ta ƙare. Robobin baki kala uku suke zuwa da su, ƙarami da matsakaici da babba, ka gwada duka, in bai toshe kunnen daidai ba bas zai gudu gaba ɗaya ka ce an cuce ka. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗannan ukun da na ambata duk ana zare wayarsu, kuma waya ce ke fara mutuwa a kowane abin saurare, in ta tsinke wata za ka saya ka soka. Hedifon mai arha in wayarsa ta mutu sai dai mai gyara da dalma.

Akwai na uku da za ka ji ana yabo, hedifon masu buɗaɗɗen baya da iska ke ratsawa, irin Philips SHP9500 da Samson SR850 da ɗan ƙaramin Koss KSC75 da ake maƙalewa a kunne. Wajen faɗin sauti sun fi duka biyun kuma kunne na shan iska. Sai dai duk abin da ke ɗakin yana shiga, in janareton maƙwabcinka a bayan tagarka yake kamar nawa, takun da kake nema ya tafi. Ba su da makirufo kuma. Na mai gida shiru ne ko mai sola.

Bluetooth kuwa ka cire shi a lissafi. Jinkirinsa kan kai milisakan 150 zuwa 200 ko fiye, in gem ɗinka na tafiya a firam 60, wato hoto 60, cikin sakan, kowane firam kusan milisakan 17 ne, kaga jinkirin 200 ya kai firam 12, an harbe ka an gama kafin ƙarar ta iso. Sannan da zarar ka kunna makirufonsa a Windows sai sautin ya koma irin na kiran waya. Marar waya na gem na gaske da ɗan USB nasa yake zuwa mai aiki a 2.4GHz, shi ba ya wannan jinkirin, amma masu kyansa sun fi ƙarfin kuɗinka a yanzu.

Kar ka ɗauka duk hedifon ɗin gem nake kushewa fa. HyperX Cloud Stinger da Razer BlackShark V2 X suna da kyau, wajen dala 50 zuwa 60 aka fito da su. HyperX Cloud II da ya fito tun 2015 har yau ana sayensa, ƙarfen alminiyam ne a jikinsa, makirufonsa ana cirewa, kuma lokacin da ya fito yana zuwa da kunne na yadi bayan na leda, wanda ya fi dacewa da zafinmu. Matsalar dai ka lissafa dala a farashin yau ka gani ko dubu 40 ta kai. In wani ya ce zai ba ka sabo dal a kwali a rabin kuɗinsa, jabu ne, kayan da suka yi suna su aka fi kwaikwaya. Na hannu mai lafiya ya fi wannan.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka: ka duba ramin laftof ɗinka. Yawanci rami ɗaya ne mai haɗa sauti da makirufo, bakin da ke shiga daidai shi ne mai zobe uku a jiki irin na wayar hannu. Kwamfutar tebur kuwa rami biyu ne, kore na sauti, ruwan hoda na makirufo, in bakin bai dace ba sai ka sayi 'yar wayar da ke rabawa ko haɗawa. In kuma kana jin zzzz a kunne, ka zare caja ka saurara, in ƙarar ta ɗauke toh daga wuta ne, iyafis kuma ya fi tona wannan asirin don ɗan ƙaramin abu ma yana ɗauka. Ɗan adaftan USB-C na Apple ɗin nan na dala 9 yana aiki a Windows har da makirufo, sau da yawa yana share ƙarar in daga cikin laftof take.

Ka kuma yi hankali da ƙara murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na awa 40 a mako, in an ƙara ƙarfi lokacin raguwa yake sosai. Tunda iyafis na toshe hayaniyar waje ba ka buƙatar kai shi ƙarshe. Toshewar nan dai har kiran Hajiya take haɗawa da shi, ni an taɓa buga min ƙofa har aka gaji aka aiko yaro ta taga, tun daga ranar in na san za a neme ni kunne ɗaya nake sawa.

Ni da kuɗinka ne a hannuna, Chu II ko Zero mai makirufo zan ɗauka, in canji ya ragu in ƙara da adaftan, in kunna HRTF da Krisp in ci gaba da wasana, in riƙa tara na Cloud II a hankali in har makirufon ya dame ni. In a shago za ka saya ka tafi da wayarka da bidiyon wasan da ka saba da shi, kar ka yarda mai shago ya sa maka waƙa mai kiɗa, ka rufe ido ka ji ko za ka iya nuna inda takun yake da yatsa.