Minti ashirin a kan dardumar Kawu: sharhina kan motar is'af (motar ɗaukar marasa lafiya) a Jidda

Tun rusau ɗin da aka yi a Jidda a 2022, da ya share unguwannin Sabil da Karantina, danginmu kowa ya kama gabansa. Kawuna ya samu shugga, wato gida a cikin bene, a hawa na uku a wata unguwa da ni da ido nake gane ta, daga shagon mai burodin tamis in karya dama. Ban taɓa tambayar lambar ginin ba, ban kuma san ranar tambayar tana zuwa ba.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, muna shan shayi. Kawu ya ce tun safe ƙirjinsa ya yi masa nauyi, muka ce gajiya ce. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai kawai ya kife.

Abin da muka yi a mintunan farko ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗe shi. Hajiya ta sheƙa masa zamzam a fuska da ƙirji. Maƙwabcinmu ya shigo da yankakkiyar albasa. Aka tura yaro da gudu wani mustausaf, ƙaramin asibiti, da ke bayan layi, ya dawo da cewa likitansu ba ya fita waje. Wani ɗan'uwanmu da igamarsa, takardar izinin zama, ta mutu yana ta cewa kada a kira kowa, a sa shi a mota kawai. Shi kuwa Kawu yana jan wani irin minshari jefi-jefi, baki a buɗe, mu kuma muna ta hamdala wai yana numfashi. Sai da leɓɓansa suka fara sauya launi na danna 997, lambar Hilalul Ahmar, hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya. A yankin Makka, har da Jidda, 911 ma tana shiga.

Wanda ya ɗauka bai ɓata lokaci da gaisuwa ba. Tambaya biyu ya yi: yana amsawa? Yana numfashi irin na kullum? Na ce yana minshari. Ya ce in kara wayar kusa da bakinsa. Da ya ji sai ya ce, "Ya akhi, wannan ba numfashi ba ne, zuciyarsa ta tsaya. Kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba a katifa ba." Ya sa na ɗora gindin tafin hannuna a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ya fara ƙirga mini, wahid, isnen, talata, arba'a, da saurin da ban zaci ana danna mutum da shi ba. Ƙa'idar ita ce dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6. A dannawa ta wajen ashirin na ji ƙas a ƙarƙashin hannuna, kamar an taka busasshen kara. Na ce masa na karya haƙarƙari. Ya ce, "Ci gaba."

Adireshi ne ya so ya kashe mu. Yana tambaya ina cewa kusa da mai tamis. Ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan sakandare, shi ya karanto gajeren adireshin ƙasa daga wayarsa, haruffa huɗu da lambobi huɗu, aka wuce wurin.

Da na duba wayata daga baya, minti tara ne tsakanin kirana da shigowarsu. Lif ɗin ginin ya yi wata biyu a lalace, mai gida yana ta cewa gobe, don haka da ƙafa suka hau da jakunkuna. Mutum biyu ne da farko, wasu biyu suka biyo su.

Ɗaya ya durƙusa ya karɓe ni ba tare da dannawar ta tsaya ba, kamar yadda mata ke karɓar taɓarya a bakin turmi. Ɗayan ya sa almakashi ya tsaga jallabiyar Kawu daga wuya har cibiya, ya ga ƙirjin sharkaf da zamzam, ya fizgi tawul ya goge shi tas kafin ya manna faifai biyu, ɗaya ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. Suka ɗaga hannu na 'yan daƙiƙu suka kalli allon na'ura. Babbansu ya ɗaga murya, "Ab'idu!" Kowa ya janye. Jikin Kawu ya ɗan zabura sau ɗaya, shi ke nan, ba irin tsallen da ake nunawa a talabijin ba. Na zaci za su tsaya su ga ko ya farfaɗo. Ina! Ko bugun jijiya ba su taɓa ba, suka koma dannawa.

Daga nan aikin ya zama kamar agogo. Dannawa 30, a matsa jakar iska sau 2, har suka zura masa bututu a maƙogwaro. Duk minti biyu a canza mai dannawa, a kalli allo. Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, sai ɗaya ya ɗauko wani abu kamar ƙaramin injin huda katako ya huda ƙashin ƙwaurinsa, ƙasan gwiwa kaɗan, ta nan aka riƙa tura magani. A nan Hajiya ta kasa daurewa. Ta riƙo rigata tana cewa, "Ɗan nan, ka ce musu su kai shi asibiti mana! Me suke jira? A gabana za su ƙarasa shi?" Ni ma zuciyata abin da take faɗa ke nan. Har na ja hannun babbansu. Bai ko ɗago ba ya ce abin da za a yi masa a can shi suke yi a nan, kuma in suka ɗauke shi a matakala dannawa ta tsaya. Na ji haushinsa a lokacin, Allah Ya sani.

Bayan girgizar lantarki ta uku da wata allura, wata lamba a allon da take ta wasa a ƙasa ta yi tsalle sama. Babban ya jira zagayen ya cika, ya sa yatsu biyu a wuyan Kawu, ya ce akwai bugu. Duk da haka ba su ruga ba. Sai da suka manna masa wayoyi goma suka ɗauki hoton bugun zuciya, suka yi waya, sannan suka ɗaure shi suka sauko. A hanya muka wuce wani asibiti da ya fi kusa, na sake ƙulewa. Ashe wanda ke da ɗakin buɗe jijiyar zuciya suka nufa, kuma a daren aka sa masa ɗan bututun raga a jijiyar da ta toshe.

Wata nas ce ta warware mini sauran, Bahaushiyar Sudan 'yar Mai Wurno, da ta ji muna Hausa a baranda ta tsaya. Ta ce toshewar jijiya daban, tsayawar zuciya daban, sai dai na farkon kan jawo na biyun, kamar yadda ya faru da Kawu. Zuciyarsa ba shiru ta yi ba, karkarwa take yi ba ta harba jini, lantarkin kuma katse karkarwar yake yi don ta koma kan bugunta. Da layin allon ya miƙe sambal, ba a ba da lantarki, sai dannawa da adirenalin, miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. Allurar bayan girgiza ta uku amiyodaron ce, miligiram 300. Lambar da ta yi tsalle kuwa iskar da huhu ke fitarwa take aunawa, in jini ya dawo gudu sai ta hau. Ta ce ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu jini, kuma ko a Turai da Amurka kusan ɗaya cikin goma ne ke tsira in abin ya same su a waje. Sai ta kalle ni ta ce, "Malam, minti nawa kuka yi kuna albasa?" Na sunkuyar da kai.

Hukuncina a kan ma'aikatan: sun san aikinsu, kuma ba su bar kukanmu ya karkatar da su ba. Ko riyal ɗaya ba su karɓa ba. Ba wanda ya ambaci igama sai da Kawu ya shiga mota, ita ma tasa ce don rubuta suna. Ɗan'uwan nan namu da ya ɓuya a kicin ba wanda ya bi ta kansa. Abin da zan gaya wa 'yan'uwa sababbin zuwa shi ne maganar da Larabci ta gudana, da sauri kuma. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya sa manhajar As'afni a wayarsa tun yanzu, tana aika wurin da mutum yake. Ƙorafina na mustausaf ɗin nan ne da mai gidan da ya bar lif a mace.

Kawu ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ranar Juma'ar nan da kwana biyu kafinta sun ɓace masa gaba ɗaya, kuma yanzu yakan maimaita tambaya. Haƙarƙari biyu ne suka karye. Hajiya ta rubuta adireshin da alƙalami mai kauri ta manna a bayan ƙofa. Shi kuwa duk sanda ya yi dariya ko atishawa sai ya dafe ƙirji ya harare ni ya ce, "Kai dai ɗan nan, da ma kana da jiƙaƙƙiya da ni."