Bargar koya wa yara hawan doki: sun iya aiki, amma ku je da hular kwanonku

Wanda yake son a ɗora ɗansa a sirdi tun ranar farko ya ɗauki hoto, to kada ya kai shi bargar da nake kai 'yata mai shekara takwas. A can sai yaro ya iya mu'amala da doki a ƙasa kafin a bari ya sa ƙafa a likkafa. Wasu iyayen suna ta guna-guni wai ana cin kuɗinsu a banza. Ni kuwa abin da ya zaunar da ni ke nan.

Dawakan duk ƙuru ne, babu wanda tsayinsa ya wuce santimita 148. Akwai 'yan Shetlan guda biyu, irin na tsibiran arewacin Sikotilan, waɗanda ba sa wuce santimita 107. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ku, wayo da taurin kai a wurinsu ba a magana.

Malamar ta fara ne da yadda ake tunkarar doki: ta wajen kafaɗa, kana yi masa magana, domin ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko dab da goshinsa. In ya kwantar da kunnuwa baya, ransa a ɓace yake, a ja da baya. Rannan 'yata ta naɗe igiyar ragama a hannu, sai na ji muryar malamar daga can nesa: "Ke, warware igiyar nan maza! In ya zabura, da yatsunki zai tafi." Ta zo ta nuna mata yadda ake ninka igiyar a riƙe a tafin hannu, ta yadda sakinta ba wuya.

Inda suka fi burge ni shi ne kofato da majayi. Yarinya za ta tsaya gefen dokin tana fuskantar wutsiya, ta shafo ƙafar daga sama zuwa ƙasa har ya ɗaga da kansa, sannan ta sa ɗan ƙarfe ta ƙwaƙule laka da tsakuwa daga dunduniya zuwa gaba, ba tare da ta soki tsokar tsakiya ba. Majayi kuma, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, sau biyu ake duba shi. Akwai wani baƙin ƙuru da ke kumbura ciki in ana ɗaure masa sirdi. Da an ɗan zagaya da shi sai majayin ya saki, ka zura hannu ya shige. Da haka sirdi ke juyewa da yaro.

Ba sa yarda iyaye su riƙa tura wa dabbobin abinci. Doki ba ya iya amai, saboda haka ciwon ciki na iya kashe shi, kuma ƙuru in ya ci hatsi ko ɗanyar ciyawa fiye da kima yakan kamu da kumburin cikin kofato, har tsayuwa ta gagare shi.

To ga inda ba mu shirya ba. Hulunan kwanon da suke ba da aro sun tsufa. Wadda aka ba 'yata tana rawa a kanta, wata kuma na ga tsagewa a gefenta da idona. Hular da ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki, ko da ba a ga komai a jikinta ba, balle wannan. Na sayo mata tata, mai tambarin ingancin hular hawan doki na PAS 015 a ciki (tambarin ASTM F1163 ma ya yi), ba ta keke ba. Abin mamaki, mutanen nan ne fa suka hana wani yaro hawa don ya zo da kambas, suka ce sai takalmi mai 'yar dunduniya da zai hana ƙafa zurmawa cikin likkafa. Na yi wa malamar magana, ta ce, "Wallahi Maman yara, kin yi gaskiya, mun faɗa wa mai wurin." Shiru har yau.

Ranakun ƙarshen mako kuma yara kan yi wa malama ɗaya yawa, ido ba ya kaiwa ga kowa. In ɗanku sabon shiga ne, ku nemi tsakiyar mako.