Sharhi Kan Fim Ɗin The Texas Chainsaw Massacre: The Beginning

Masu sharhin fina-finai a Amurka ba su raga wa wannan fim ba lokacin da ya fito a watan Oktoba na 2006, domin a ƙididdigar Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tattara sharhin fina-finai, waɗanda suka yaba masa ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, kuma sunansa ya shiga cikin takarar kyautar Razzie da ake bai wa fina-finai mafi muni. Na kalle shi bayan na kalli The Texas Chainsaw Massacre na 2003, wanda wannan fim ɗin ya zo ya ba da asalin labarinsa, kuma na yarda da mafi yawan sukar, sai dai akwai inda nake ganin ba a yi masa adalci ba.

Babban laifinsa shi ne darakta Jonathan Liebesman ya ɗauka yawan jini shi ne tsoro. An nuna yadda makashin, Thomas Hewitt, yake feɗe fuskar Eric, ɗaya daga cikin matasan da suka faɗa hannunsa, domin ya yi abin rufe tasa da ita, an kuma nuna yadda aka datse ƙafafun tsoho Monty, ɗan gidan su Thomas, da injin yanka katako, kyamara na tsaye a kan raunin har sai mai kallo ya kawar da kai. Abin da na ji a nan ƙyama ce, ba faɗuwar gaba ba. Na asali da Tobe Hooper ya yi a 1974 jinin da ke cikinsa kaɗan ne, amma ya fi wannan hana barci nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, tunda labarin ya faru ne a 1969, kafin abin da ya faru a na 2003, duk wanda ya ga na 2003 ya san babu abin da zai sami makasan, saboda haka gudun da Chrissie, budurwar Eric, take yi, duk da ƙoƙarin Jordana Brewster da ta fito a matsayinta, ba ya sa mutum ya sa rai.

Inda na saɓa wa masu sukar shi ne a kan ɗan wasa R. Lee Ermey. Mutumin da ya taɓa horar da sojojin Amurka a zahiri, a nan ya fito a matsayin Charlie Hewitt, ɗan gidan su Thomas, wanda ya kashe shugaban 'yan sandan yankin ya sa kakinsa ranar da aka rufe mayankar da garin ya dogara da ita. Wurin da ya tilasta wa Dean, saurayin da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, yin atisaye a ƙasa yana dukansa da kulki ya fi duk yankan da aka yi tayar mini da hankali, domin zalunci ne na mai kaki wanda ya san babu mai tambayarsa. A nan ne fim ɗin yake da abin faɗa game da yunwa da mutuwar gari, kuma abin takaici ne da aka bar wannan zare aka koma ga injin.

Masu kallo ma ba su yi tururuwa kamar da ba, domin ya samo kusan dala miliyan 52, kusan rabin abin da na 2003 ya tara. Ba zan ba da shawarar a kalle shi tare da iyali ba ko kaɗan, kuma wanda yake neman fim mai ban tsoro na gaske gara ya nemi na 1974.