Kubar Wi-Fi ko ta Zigbee? Ga wadda zan ce ka saya

Ɗan uwa, ka tambaye ni wace kubar ƙofa ta zamani za ka saya. Cikin biyun da ka kawo, wato kubar da ke hawa Wi-Fi kai tsaye da wadda ke aiki da Zigbee (wata hanyar sadarwa mara waya ta ƙananan na'urorin gida) ta hanyar ɗan akwatin haɗi, ka ɗauki ta Zigbee. Tunda har ka fara sa fitilu da soket na zamani a gidan, akwatin nan ko yau ko gobe sai ka saye shi, don haka kar ka lissafa kuɗinsa a matsayin asara.

Tawa ta Aqara ce, samfurin A100, tana ƙofar falo. Tana buɗewa da yatsa, da lambar sirri, da kati, da waya, ga kuma makulli na ƙarfe idan komai ya ƙi. Ranar da ta shiga raina ita ce ranar da Hajiyarmu ta taso daga Funtuwa za ta ga likita, ba ta sanar da kowa ba. Ina Abuja, uwargida na wajen aiki, yara na Islamiyya, ga rana ta take. Ƙanena da ya kawo ta ya kira ni suna tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe manhaja na fitar da lamba ta amfani sau ɗaya, na karanta masa, kafin in ajiye waya saƙo ya shigo cewa an buɗe ƙofa. Hajiya ta shiga ta yi sallarta ta kwanta. Da na dawo na so in yi mata rajistar yatsa, sai na'urar ta ƙi karantawa, don zanen yatsun tsofaffi yakan shafe saboda shekaru da aiki. Sai na ba ta kati, ta ƙulle shi a bakin mayafinta yadda take ƙulle kuɗi, kuma har ta koma gida ba ta nemi wani ya buɗe mata ba. Ka riƙe wannan: duk kubar da za ka saya ta zama tana da hanyar buɗewa fiye da ɗaya. Yatsa mai jiƙe bayan alwala yakan ba da matsala, haka ma wanda hunturu ya busar.

Abin da ya sa na fifita Zigbee abu biyu ne, batir da wuta. Wi-Fi an yi shi ne don ɗaukar bayanai masu yawa, kuma riƙe hulɗa da rauta yana shan caji. Zigbee kuwa saƙo ƙanƙani yake aikawa, “an buɗe”, “an rufe”, “batir ya yi ƙasa”, sai ya koma barci. Shi ya sa kubar Wi-Fi kan cinye batir cikin 'yan watanni, ta Zigbee kuma takan kai shekara ko ta haura. Tawa batir AA takwas take ci, nakan ma manta yaushe na canza. Wasu kamfanonin, don su rage cin batir, sai su sa kubar Wi-Fi ta riƙa barci, ba za ka iya buɗe ta daga nesa ba sai wanda ke bakin ƙofa ya danna ƙararrawa ya tashe ta. Mai shago ba zai faɗa maka wannan ba sai ka tambaya.

Batun wuta kuma, gaskiya duka biyun suna buɗewa da yatsa ko lamba ko da an ɗauke wuta, don batir ke riƙe da su. Bambancin yana wajen haɗin kai da sauran kayan gida. A gidana idan an buɗe ƙofa bayan magariba fitilar baranda takan kama da kanta, kuma wannan umarni a cikin akwatin haɗin yake zaune, ba ya jiran sabis. Akwatin wutar USB yake ci, inbata ƙarama ko fawa bank ta ishe shi. Yawancin kubobin Wi-Fi masu araha kuwa sai saƙo ya je sabar kamfani a wata ƙasa ya dawo kafin fitilar da ke kusa da ƙofar ta ji labari. Data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, shi ke nan. Buɗewa daga nesa dai kowacce sai da intanet, kar wani ya ruɗe ka. Ka kuma ajiye akwatin kusa da ƙofa, don ƙofar ƙarfe tana danne sigina.

Ina da ta Wi-Fi a ƙofar shago. Tana kullewa tana buɗewa, ta fi araha, ba ta neman akwati, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ga mai ƙofa ɗaya da ba ya shirin ƙara komai, ba laifi.

Idan wani ya kawo maka ta Z-Wave, wata hanyar sadarwa mai kama da Zigbee, musamman tokumbo, ka yi hankali. Zangon siginarta ya bambanta daga yanki zuwa yanki, ta Amurka tana kan 908.42 MHz, ta Turai tana kan 868.42 MHz, kuma ba sa jin juna. Akwai kuma Matter, tsarin da ya fito a 2022 wanda Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Idan ka samu kuba mai Matter a kan Thread (ita ma hanyar sadarwa ce irin Zigbee) wadda ta dace da ƙofarka, ita ma ba ta shan batir sosai, amma tana bukatar na'ura irin HomePod mini, ƙaramar sifikar Apple, a gidan.

Kafin ka biya ko sisi, ka auna ƙofarka. Shahararrun da ake gani a YouTube, irin su Schlage Encode da Yale Assure da August, an ƙera su ne don ƙofofin katako na Amurka masu sakata guda a sama da mariƙi. Ƙofofinmu na ƙarfe, na Turkiyya ko na Chana ko waɗanda mai walda ya haɗa, yawanci kubarsu a cikin cikin ƙofar take nutse. Za ka ji ana cewa 6068, ma'ana milimita 60 daga gefen ƙofa zuwa tsakiyar mariƙi, da 68 daga mariƙi zuwa ramin makulli. Kwance tsohuwar kubar ka tafi da ita shago, ka auna kaurin ƙofar, idan kuma tana da sandunan da ke shiga sama da ƙasa ka tambaya ko sabuwar za ta ja su. In ƙofar tana fuskantar rana da ruwan sama, nemi mai alamar IP65, wato mai jure ƙura da ruwa, ko ka yi mata 'yar rumfa.

Sai masu sayarwa, wannan ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Akwai masu liƙa sunan babban kamfani a kwalin kubar da ba ta da asali. Akwai masu cewa “tana aiki da Alexa”, wato manhajar Amazon mai karɓar umarni da murya, alhali Bluetooth ce zalla, sai ka kai gida ka gane akwai wani akwati da ba su ba ka ba. Ka sa a haɗa ta da wayarka a gabanka, a manhajar kamfanin ta ainihi, kafin kuɗi su fita daga hannunka. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai sakawa da zai yi rajistar kubar da asusunsa ya ce don ya sauƙaƙa maka. Duk wanda ya fara yin rajista shi ne mai gida a idon na'ura, yana ganin shiga da fitar iyalinka, yana iya ƙara yatsa ko lamba. Kar ka yarda. Bayan ya gama a goge komai a mayar da ita kamar sabuwa, ka yi rajista da kanka, ka canza lambar da ta zo da ita, ka ƙirga katuna da makullai su yi daidai da abin da aka rubuta a takardar cikin kwali.

Batir kuma ka sa mata mai kyau, irin wanda aka rubuta “alkaline” a jikinsa, na kan tebur mai araha yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki. Makullin ƙarfen ka bar ɗaya a mota ko wajen ɗan uwa da ka amince da shi, kar duka su kwana cikin gidan. Ka duba ƙasan kubar ka san inda ramin USB na gaggawa yake, ka nuna wa uwargida yadda ake jona fawa bank idan batir ya mutu tana waje.