Succession ko Shōgun: Wanne Za a Fi Tunawa?

Duka biyun wasannin kwaikwayo ne na talabijin masu dogon zango, kan rikicin gado. A ɗaya da takobi ake yi, a ɗayan kuma da lauyoyi da wayar hannu.

Shōgun ya fito a tashar FX a 2024, kashi 10, labarin Japan ta shekarar 1600. Yawancin maganar da Japananci ake yin ta, amma hakan bai hana shi lashe lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin, wato Emmy, har 18 a zango ɗaya ba. Jarumin shirin, Hiroyuki Sanada, yakan yi shiru, ya ɗan karkata kai, kai kuma ka san wani ya shiga uku.

Succession na tashar HBO ya fi daɗewa, zango 4, daga 2018 zuwa 2023. 'Ya'yan attajiri Logan Roy ne ke yi wa juna zagon ƙasa kan kamfanin ubansu, shi kuwa tsohon bai ga wanda ya isa a cikinsu ba. Mutuwarsa ce ta tsaya mini a rai: a jirgin sama, ranar auren babban ɗansa, yaran na yi masa bankwana ta waya, sun ma rasa abin faɗa.

Ni Succession na ɗauka, don ya kai labarinsa ƙarshe. Shōgun kuwa an ƙara masa zango, sai mun gani tukuna.