Katakon Firam: Na Kafinta Ko Na Shigowa?

Samun yadin kanbas ba shi ne matsalar mai buga hoto ba. Dillalan kayan ɗab'i na Shomolu da Mushin a Legas suna sayar da shi a naɗe, mai faɗin inci 24, 36 ko 44. Ciwon kan yana wajen katakon da za a ɗaure yadin a kai.

Na shigowa, wanda galibi daga China yake zuwa, an busar da shi a tanda kafin a yanka. An ɗan ɗaga bakinsa na waje don yadin ya tsaya a kan gefe kawai, kada layin katako ya fito a fuskar hoton. A kusurwa akwai gurbin 'yan ƙananan itatuwa da ake bugawa idan yadi ya saki. Amma farashinsa yana bin dala, kuma awonsa a ƙayyade yake.

Kafinta kuwa zai shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ya zaɓo katakon obeche mara nauyi, ya yanka maka duk awon da kake so, da araha. Sai dai a kula da ɗanyen katako. Na taɓa ɗaure hoton biki da damina, hunturu na shigowa firam ɗin ya murɗe, har yatsana yana shiga tsakanin kusurwarsa da bango. Mai hoton ta dawo mini da shi.

Yanzu ƙananan hotuna nakan ba kafinta, bayan katakon ya sha iska a inuwa, kuma na nuna masa yadda zai fere gefen. Wanda ya wuce mita ɗaya, na shigowa nake saya.