Shagon maganin dabbobi na Daura: ga masu awakin tatsa da ke haɗa su da shanu

Jama'a masu kiwon awaki na nono, musamman mu na Daura da kewaye, akwai wani shagon maganin dabbobi a cikin gari da nake so in yi magana a kansa, don gaskiya ni dai ya biya ni, duk da akwai inda suke da gyara.

Abin da ya kai ni ciwon boru ne, wanda wasu ke ce ma ciwon baki da kofato. Mutane da yawa sun ɗauka na shanu ne kawai, alhali duk dabba mai tsagaggen kofato yana kama ta, tumaki da awaki har da su. Matsalar ita ce a saniya kowa na gane shi, za ka ga yawu na dalala baki duk ƙuraje, amma akuya ɓoye shi take, ɗan ɗingishi ne kawai da zazzaɓi sai ta rage cin dusa nono ya ja baya, kai kana ta zargin harawa. Awakina sun same shi ne bayan maƙwabcinmu ya kawo shanu daga kasuwar Mai'adua, kuma wurin shan ruwansu ɗaya.

Daktan shagon bai tsaya jin labari daga bakina ba, ya hau mashin muka taho gida. Ya sa safar hannu, ya buɗe bakin jar akuyata ya nuna man wasu 'yan gyambuna a dasashin sama waɗanda wallahi ni ban lura da su ba, ya ɗaga ƙafa ya duba tsakanin kofato, ya taɓa hantsa. Sai ya ce "Alhaji, wannan ƙwayar bairos ce, ko kwalba goma ta allurar LA, antibayotik ɗin nan mai daɗewa a jiki, na sayar maka ba za ta kashe ta ba, allurar tana tare ƙwayoyin bakteriya ne kawai kar gyambon ya ruɓe." A nan ya saye ni, don mun saba ka je shago a cika maka leda da magani ko ya dace ko bai dace ba. Wadda ƙafarta ta yi ruwa kaɗai ya yi ma allura, ya kuma ja kunnena kar a sha nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Sauran ya ce a ware su, a wanke bakin da ruwan gishiri, a fesa maganin nan mai shuɗi a kofato, a ba su abinci mai laushi, nono kuma a tafasa shi sosai. Ya ce in sa ido kan ɗiyan awakin, su ne ciwon ke taɓa ma zuciya su faɗi farat ɗaya ba tare da an ga ƙurji ba, kuma duk dabbar da aka sayo a ɗaure ta gefe kamar sati 2 kafin ta shiga garke, tunda ciwon kan kai kwana 14 bai bayyana ba.

Wani abin da ya burge ni, firij ɗinsu na sola ne, rigakafi bai dogara da NEPA ba, in za a fita da shi a cikin kula da ƙanƙara ake sawa. Suna da rigakafin PPR na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, PPR ɗin shi ne ciwon nan na awaki da tumaki mai sa majina da zawo, ɗan uwan cutar bushiya ne da ta riƙa ƙarar da shanun kakanninmu kafin a sanar an kawar da ita daga duniya a 2011. Allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara 3.

To inda suke da gyara. Dakta ba kullum yake zaune ba, in ya fita ƙauye sai ka tarar da yaron shago, yaron kirki ne amma duk abin da ka ambata miƙo maka zai yi ba tambaya, wannan bai kamata ba a wurin da ake sayar da allurai. Kuɗin zuwa gida ma da ɗan nauyi ga mace mai akuya biyu uku, ga kuɗin mai a kanka. Sannan rigakafin kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce kuma in an haɗa ta ba ta kwana, don haka ba za su buɗe maka saboda awaki biyar ba. Mu dai haɗuwa muka yi 'yan unguwa muka tara bisashenmu a ƙofar gidan mai unguwa da sassafe aka yi masu gaba ɗaya, kowa ya biya nasa. In za ku je, ku fara kira ku tabbatar dakta na nan, kuma ranar Lahadi da wuya ku same shi don yana kasuwar dabbobi.